Yadda za ka zaɓar wa tsohuwar kwamfutar gida had-dis tun kafin ka hau motar birni

A garuruwanmu na karkarar Kano da Jigawa, kwamfutar da za ka tarar a gida ba kasafai take zama sabuwa ba. Ko ta hannu ce da aka sayo a birni, ko wadda wani yaya ma'aikaci ya bar wa ƙannensa, ko wadda malamin Islamiyya ke buga takardun jarrabawa da ita. Yawanci Dell OptiPlex ce ko HP Compaq, masu Pentium 4 ko Core 2 Duo, waɗanda sun haura shekara 15 da ƙerawa. Injuna ne masu ƙarko, kuma ni ban ga dalilin jefar da su ba matuƙar suna biyan buƙata. Abin da ke riga komai gajiya a cikinsu shi ne had-dis, ma'adanar da Windows da hotuna da karatuttuka da takardu suke zaune, saboda faifan da ke cikinsa juyawa yake yi sau dubbai a kowane minti, duk lokacin da kwamfutar ke kunne.

Mutumin birni in ya sayo wanda bai dace ba, adaidaita zai hau ya mayar. Kai da ke Rano ko Gwarzo ko Gumel ko Birnin Kudu, kuskure ɗaya na nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, da yini guda da ka bar gona ko shago, wataƙila ma ka je mai kaya ya ce bai san zancen ba. Don haka a tsara abin yadda shawara za ta ƙare tun a gida, gwaji kuma ya ƙare tun a gaban mai shago.

Mataki na farko: tabbatar shi ne mai laifin

Ba duk kwamfutar da ta ƙi tashi ce had-dis ɗinta ya mutu ba. Kunna ta lokacin da gida ya yi shiru, ka kara kunne a jikin akwatin. Lafiyayyen had-dis zai yi 'yar siririyar ƙara yana ɗaukar gudu, sannan ya daidaita. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, ya yi shiru, ya sake, ko ka ji yana yunƙurin juyawa yana kasawa, to shi ne. Haka nan idan kwamfutar na sandarewa duk sanda ka buɗe wata folda, ko kwafi ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya.

Idan kuwa ba ƙara, rubutu kawai ta nuna cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, kada ka yi saurin yanke hukunci. Wataƙila wayar had-dis ce ta saki, cire ta ka hure ƙura ka mayar. Wataƙila ɗan batirin da ke kan madabod, wato babban allon da komai ke haɗe da shi a cikin akwatin, ne ya ƙare, mai lamba CR2032, irin wanda ake sa wa rimot ɗin mota. Alamarsa ita ce agogo da kwanan wata suna komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, kuma idan ya mutu saitin BIOS, manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, na iya rikicewa har Windows ta ƙi tashi alhali had-dis lafiyarsa ƙalau. Na uku shi ne fawa fak, wanda ke raba wa kayan ciki wuta. In yana wari, ko fankarsa ta tsaya, ko kwamfuta na mutuwa da kanta, canza shi tukuna, domin wanda ya kashe tsohon had-dis zai kashe sabo.

Dell da HP suna da gwajinsu a ciki. A Dell, danna F12 da zarar ka kunna, ka zaɓi Diagnostics. A HP Compaq na tebur, danna F10, ka shiga Storage, ka zaɓi DPS Self-Test.

In ka tabbatar shi ne, kuma har yanzu yana ɗan tashi, daina aiki da shi nan take. Nemi filash ka kwashe abin da ba shi da madadi: hotunan iyali, takardun makaranta, lissafin shago. Fina-finai da waƙoƙi ana samunsu a ko'ina, su jira. Kuma kada ka bar kowa ya yi masa fomatin, wato goge duk abin da ke ciki, da sunan gyara kafin ka kwashe kayanka.

Mataki na biyu: buɗe ka ga bakinsa

Nan ne mafi yawan asara ke faruwa, don mutum yakan tafi kasuwa da sunan kwamfuta kawai a baki. Zare wayar wuta daga bango, ka kwance murfin gefe, ka nemo had-dis: ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, da takarda manne a samansa, wayoyi biyu na shiga bayansa.

In wayar da ta haɗa shi da madabod faffaɗa ce, mai launin toka, faɗinta ya kai yatsu uku, kuma bakin yana da ƙananan haƙora jeri biyu, to IDE ne, wanda wasu ke kira PATA. Wayar wutarsa fara ce mai ramuka huɗu. In kuwa wayar siririya ce, faɗin yatsa ɗaya, galibi ja ko shuɗiya ko baƙa, bakinta da ɗan lanƙwasa irin na harafin L, to SATA ne. SATA ya fara shigowa a 2003, cikin 'yan shekaru ya kori IDE daga kasuwa. Ɗaya ba ya shiga bakin ɗaya, ko da ƙarfi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kwamfutocin Pentium 4 na tsakanin 2003 da 2006 da dama suna da baki biyun duka. Ko da had-dis ɗin da ke ciki IDE ne, haska tocila a kan madabod ka nemi ƙananan ramuka da aka rubuta SATA0 ko SATA1 a gefensu. In ka gan su, ka huta, sayi SATA. Dalili kuwa, an daɗe da daina ƙera IDE, duk wanda za a miƙo maka a kasuwa tsoho ne tukuf, ko da an goge shi yana ƙyalli. Sai dai ka duba ko fawa fak ɗinka na da baƙar wayar wuta ta SATA, mai faɗi. In babu, akwai 'yar adafta da ke juya farar wayar nan mai ramuka huɗu zuwa ta SATA. Zaɓi mai kauri, wadda wayoyinta ke zaune daram, don marasa kyan suna narkewa.

In IDE ne kaɗai a madabod, hanya biyu ce: ka nemi IDE mai sauran lafiya, ko ka sayi adaftar da ke haɗa had-dis na SATA da bakin IDE. Ni na fi son ta biyun, amma da sharaɗin ka ɗauki akwatin kwamfutar ka je da shi a gwada a gabanka, saboda ba kowace adafta ke jituwa da kowane madabod ba.

Sai girman jiki. Na kwamfutar tebur inci 3.5 ne, na laftof inci 2.5. Na laftof mai SATA yana aiki a kwamfutar tebur ba tare da wata dabara ba, wayoyin iri ɗaya ne, wurin ɗaurewa kawai za ka nema masa. Na tebur kuwa ba ya shiga laftof. A laftof ma akwai tsofaffi masu IDE, irin su Dell Latitude D610 da ThinkPad T42, yayin da D620 da T60 da suka biyo bayansu SATA ne. Kaurin ma ya bambanta, akwai milimita 9.5, akwai 7. Siririn yana shiga gurbin mai kauri, mai kauri ba ya shiga gurbin siriri.

Kafin ka rufe, ɗauki hoto uku da wayarka: takardar da ke jikin had-dis, bakinsa da wayoyinsa, da lambar samfurin kwamfutar. Mafi kyau ma, kwance tsohon ka tafi da shi.

Mataki na uku: san iyakar abin da za ta iya ɗauka

Tsohuwar kwamfuta tana da iyaka, kuma ba ta faɗa maka sai ka sayo. Iyaka ta farko gigabait 137 ce. Yawancin waɗanda aka ƙera kafin wajen 2002 ba sa ganin abin da ya wuce haka, kuma Windows XP ta farko, wadda ba a ɗora mata Service Pack 1 ba, ita ma nan ta tsaya. In kwamfutarka ta wancan zamanin ce, Pentium III ko farkon Pentium 4, nemi mai gigabait 80 ko 120 ka zauna lafiya.

Iyaka ta biyu terabait 2 ce, kuma ita ta shafi kusan duk Core 2 Duo da ke gidajenmu. Tsohon tsarin raba had-dis, MBR, ba ya wuce nan. Sabon tsarin, GPT, yana wucewa, amma Windows ba ta tashi daga kansa sai a kwamfuta mai UEFI, magajin BIOS, wanda bai yawaita a kwamfutocin gida ba sai wajen 2011 zuwa 2012. XP ɗin da aka saba da ita ba ta ma karanta GPT kwata-kwata. A taƙaice, kada ka sayi mai terabait 3 ko 4 don tsohuwar kwamfuta, ko an yi maka araha. In a kansa Windows za ta zauna, za ka biya kuɗin wurin da ba za ka taɓa gani ba.

Masu XP su ƙara lura da wani abu. Had-dis da yawa da aka ƙera daga wajen 2011 suna da alamar AF a takardarsu. XP ba ta iya raba irin wannan daidai, sai ya riƙa nauyi wajen rubutu. Maganinsa a raba shi da faifan Windows 7 tukuna, sannan a ɗora XP a kai. Amma tun da Microsoft ta daina kula da XP a 2014, da Windows 7 a 2020, in kwamfutar na shiga intanet ka yi tunanin abin da za ka ɗora mata tun yanzu, don shi ma yana cikin lissafi.

Zancen SATA 1 da 2 da 3 kada ya dame ka. Sabo yana aiki a bakin tsoho, gudunsa kawai ke sauka zuwa na madabod. Wasu tsirarun madabod na farko-farko masu cif ɗin VIA ne kan ƙi ganin sabon had-dis, wanda kuma gwaji a shago zai fallasa.

Mataki na huɗu: nawa kake buƙata da gaske

Yi lissafi da abin da kake ajiyewa. Windows 7 tana son gigabait 16 zuwa 20, Windows 10 kuma 32 ko fiye, ka ƙara wurin Office da sauran manhajoji. Takardun da aka buga da Word ba sa cin komai, dubbansu ba su cika gigabait ɗaya ba. Karatun Alƙur'ani ko tafsiri a MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait ɗaya a minti, wato gigabait ɗaya zai ɗauki awa 16 zuwa 17. Bidiyo ne mai ci, fim ɗaya na iya kai gigabait guda, bidiyon biki ma ya fi.

Saboda haka gidan da aikinsa buga takardu ne da sauraren karatu, 160 ko 250 sun wadatar. Mai tara hotuna da fina-finai, 500. Mai shagon tura wa mutane fina-finai da wa'azi a waya, terabait 1 ko 2. Kuma kada ka zargi mai shago in ka ga 500 ya nuna 465, ko terabait 1 ya nuna 931, ko 320 ya nuna 298. Kamfani na ƙirga da dubu-dubu, Windows na ƙirga da 1,024, haka yake a ko'ina.

Gudun juyawa iri biyu ne aka fi samu, 5400 da 7200 a minti. Mai 7200 ya fi sauri, ya fi zafi da cin wuta kaɗan. In a kansa Windows za ta zauna a kwamfutar tebur, ɗauki 7200. In ajiya ce kawai, 5400 ya isa.

Mataki na biyar: mai faifai ko SSD

A nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye. In kwamfutarka na da SATA, kuma Windows 7 ko 10 za ka ɗora, ƙaramin SSD, wato ma'adana marar faifai, mai gigabait 128 ko 256 ya fi babban had-dis na hannu amfani a ƙauye. Had-dis na gargajiya kamar garmaho yake, faifai na juyawa, hannu na bin kansa, sai dai nasa hannun shawagi yake a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bugu ɗaya yana cikin aiki, ko ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, na iya barin tabo. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Bai damu da girgizar hanya ba, wutar da yake ci kaɗan ce, wanda mai sola da inbata zai gani a batirinsa, kuma kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi za ta koma tashi cikin daƙiƙu. Ko madabod ɗin SATA 2 ne, bambancin a bayyane yake.

Yana da nasa aibin. Wurinsa kaɗan ne a kan kuɗinsa, kuma in zai mutu ba ya yin ƙara ya gargaɗe ka, rana ɗaya kawai za a neme shi a rasa, ceto abin da ke ciki kuma yana da wuya ƙwarai. XP ma ba ta san yadda ake kula da shi ba, daga Windows 7 aka fara. Kuma ka tabbatar mai inci 2.5 na SATA aka ba ka. Akwai siriri dogo da ake kira M.2 ko NVMe, ba shi da gurbi a tsohon madabod.

In aljihu ya yarda, haɗa biyun: SSD ya ɗauki Windows, mai faifai ya ɗauki ajiya. A laftof ana cire abin CD a sa wani gida da ake kira kadi, a zaunar da na biyun a ciki.

Mataki na shida: a kasuwa

A Kano, Beirut Road da Farm Centre da Sabon Gari ne aka fi nufa. Dutse da Hadeja ma akwai masu gyara da ke sayarwa, kuma wani lokaci sayen kusa da gida a hannun wanda ka san fuskarsa ya fi arahar nesa, don mayarwa ba wahala.

Kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera had-dis mai faifai: Seagate, Western Digital da Toshiba. Seagate ta saye Maxtor a 2006, ta karɓi sashen had-dis na Samsung a 2011, Western Digital kuma ta saye na Hitachi a 2012. Amfanin sanin wannan shi ne, in aka miƙo maka Maxtor aka ce sabo ne, ka san shekarunsa. Na tebur masu terabait 1 da aka sani da aiki tsab a tsohuwar kwamfuta akwai WD Blue mai lamba WD10EZEX, da Seagate ST1000DM010, da Toshiba DT01ACA100. Wasu sababbin na laftof masu terabait 1 da 2 da wani tsari ake rubutu a kansu, SMR, wanda ke sa su nauyi in aka daɗe ana zuba musu kaya. Don ajiya ba laifi, amma ban so Windows ta zauna a kansu.

Juya shi a hannu ka duba. Kusurwar da ta lotsa alamar faɗuwa ce, ajiye shi. Kusoshin murfi in sun nuna an taɓa kwance su, ajiye shi. Takardar da ta yi sabuwa fil a kan ƙarfen da ya sha jiki, ko fara ce ba sunan kamfani, abin tuhuma ce. Dubi baki: na SATA yana da 'yar tazara tsakanin wurin wayar bayanai da ta wuta. In ka ga sun haɗe ba tazara, SAS ne na manyan kwamfutocin ofis, ba zai yi maka aiki ba. Masu suna Pipeline ko AV kuwa daga na'urorin ɗaukar bidiyo da dikoda aka ciro su. Suna aiki, amma galibi sun kwana sun yini a kunne shekara da shekaru.

Sai babban gwaji. Tun a gida, ko a shagon kwamfuta na garinku, sa a zuba maka manhajar CrystalDiskInfo a filash, kyauta ce. Ka ce wa mai shago, "Malam, don Allah a jona min shi in ga lafiyarsa kafin mu yi ciniki." In ya ce, "Alhaji, gwadajje ne, kada ka ji komai," ka ce, "Na yarda da kai, amma gidana da nisa, gani ya kori ji." Mai kaya na gari ba zai ƙi ba. Wanda ya ƙi, yi masa sallama ka ƙara gaba.

Kowane had-dis yana rubuta tarihin lafiyarsa a cikinsa, manhajar karantowa kawai take yi. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja mutuwa. Rawaya ma kada ka saya, ko an raba kuɗin biyu. Sannan duba layi uku a ƙasa, masu lamba 05 da C5 da C6, waɗanda ke ƙirga wuraren da suka lalace a kan faifai. Lambar da ke can ƙarshen kowane layi ta zama sifili. Duba awannin da ya yi a kunne: shekara ɗaya cur awa 8,760 ce. Wanda bai kai 10,000 ba yana da sauran ƙuruciya. Wanda ya haura 30,000 ya yi fiye da shekara uku ba hutu, ni ba zan ɗora masa abin da nake ji da shi ba. Amma in takarda ta nuna 2012 aka ƙera shi, manhaja kuma ta ce awa biyar ya yi, to goge tarihin aka yi, kuma ko manhajar Hard Disk Sentinel da masu shago ke nunawa za ta iya cewa ɗari bisa ɗari a kan irin wannan. A ƙarshe gwada lambar siriyal da manhaja ta nuna da wadda ke kan takarda. In sun saɓa, an canza takarda.

Kafin ka biya, nemi garanti ko na mako ɗaya ne, a rubuta a rasit tare da lambar siriyal da lambar wayar shago. Sayi sabuwar wayar SATA a nan take, kuɗinta kaɗan ne, rashinta kuwa zai iya tsayar da kai a ƙauye.

Mataki na bakwai: hanya da ɗaurawa

A sa shi a ledarsa mai ƙyalli, ka naɗe da tsumma ko soso, ka riƙe a jakar da ke jikinka. Kada ya shiga but tare da buhuna, kada a ɗaure shi a kariyar babur.

A gida, zare wuta, danna maɓallin kunnawa sau ɗaya don sauran wutar ta fita, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai. Da hunturu wannan ba wasa ba ne, wutar nan da ke tartsatsi a jikin bargo ta isa ta ƙona koren allon da ke ƙarƙashin had-dis. Riƙe shi ta gefe. Ɗaure shi da kusoshi huɗu, ko ka mayar da shi cikin shuɗin gidan roba in Dell ce. Kada ka bar shi yana lilo a jikin waya. Akwai ɗan rami a murfin had-dis da yake shaƙar iska ta ciki, kada a liƙe shi da sitika.

SATA ba wuya, jona shi a SATA0. IDE ne ke son natsuwa: gefen wayar mai jan layi ya fuskanci wajen wayar wuta, kuma akwai 'yar hular roba, jamfa, da ake matsarwa a kan haƙora don nuna wane ne babba, wane ne ƙarami, in biyu ne a waya ɗaya. An zana yadda ake yi a takardar. Wanda Windows ke kai shi ne Master, ya zauna a ƙarshen waya.

Kunna ka shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, Del a yawancin waɗanda aka haɗa da hannu. Ka ga sunansa da girmansa sun fito daidai. In akwai zaɓin AHCI, kunna shi kafin ɗora Windows 7 ko 10. In XP ce, bar shi a IDE ko ATA, in ba haka ba shuɗin allo za ka gani.

Raba shi biyu, C na Windows, D na ajiya, don ranar da za a sake ɗora Windows kayanka su tsira. Amma ka sani C da D faifai ɗaya ne, in ya mutu tare za su tafi, saboda haka abin da ba shi da madadi ya kasance da kwafi a filash ko wata ma'adana daban. Sannan, tun garanti bai ƙare ba, yi wa D cikakken fomatin, cire alamar da ke kan Quick Format. Daga Windows Vista zuwa sama wannan yana bin kowane lungu ya rubuta a kai. Mai gigabait 500 zai ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka zaɓi lokacin da janareta ke da mai ko batirin sola ya cika. In ya gama, sake buɗe CrystalDiskInfo. In layukan nan uku suna nan a sifili, ka dace. In sun motsa, kira mai shago a ranar.

Wuta, zafi da ƙura

Abin da ya fi kashe had-dis a wajenmu ɗauke wuta ne ba zato, da dawowarta da ƙarfi. Ƙaramin UPS, akwatin batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, da zai riƙe ka minti biyar ka kashe kwamfuta yadda ya kamata ya fi ƙarin gigabait daraja. In an kawo wuta, jira ta zauna kafin ka kunna. In za a juya daga janareta zuwa layi, kashe tukuna. Da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, zare waya daga bango gaba ɗaya.

Da bazara ɗaki mai rufin kwano yakan yi zafin da had-dis ba ya so. CrystalDiskInfo tana nuna zafinsa, in yana haura digiri 50 a kai a kai, sa masa fanka a gaban akwati, ka kuma rage aiki da tsakar rana. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan tebur ko benci mai ƙarfi, inda yara ba za su yi karo da ita ba. Lulluɓe ta da zane saboda ƙura, amma sai tana kashe. Bayan hunturu buɗe ta ka hure.

Tsohon had-dis kuma kada ka miƙa wa 'yan gwangwan ko mai gyara haka nan. Hotunan matan gida da takardun mutane suna nan a ciki, kuma gogewa ta yau da kullum ba ta hana wanda ya iya dawo da su. In yana aiki, yi masa cikakken fomatin ɗin nan, ko ka saya masa gidan USB ya zama wurin ajiye kwafi na biyu na abin da ba ka damu da shi sosai ba. In ya mutu kuma ka gama da shi, kwance murfin, ka fasa faifan da guduma kafin ya bar gidanka. Na laftof da yawa na gilashi ne, naɗe shi a tsumma kafin ka buga saboda ido.